Yadda asibitocin unguwa a Amurka ke jiran cikon kuɗinsu

A Amurka akwai cibiyoyin lafiya na unguwa kusan 1,400 da ke duba mutane fiye da miliyan 30 a shekara, kuma doka ta hana su korar marar lafiya don ba shi da kuɗi. Kusan rabin masu zuwa suna ƙarƙashin Medicaid, inshorar gwamnati ta talakawa da aka kafa a 1965.

Yawancin jihohi sun danƙa Medicaid a hannun kamfanonin inshora. Jiha tana biyan kamfani kuɗi ƙayyadadde kan kowane mutum duk wata, shi kuma kamfanin ya yi ciniki da asibiti, sau da yawa a farashin da bai kai abin da aka kashe ba. Wata doka ta shekarar 2000 ta yanka wa kowace cibiya farashin ganin marar lafiya sau ɗaya, ta kuma wajabta wa jiha cika giɓin da ke tsakanin wannan farashi da abin da kamfani ya biya, aƙalla duk bayan wata huɗu.

A nan gizo ke saƙar. Albashin ma'aikatan jinya ba ya jira, amma cikon yakan makale wajen tantance lissafi. Akawun cibiya sai ya zauna gaban kwamfuta yana sake tura takardar da kamfani ya dawo da ita saboda kuskuren lamba ɗaya, kuma wani kamfanin na daban yana da nasa sharuɗɗan.

Ga kuma wata matsalar: daga Afrilun 2023 jihohi suka cire mutane fiye da miliyan 20 daga Medicaid bayan annobar korona. Da yawansu sun ci gaba da zuwa cibiyoyin, ba inshora, ana karɓar abin da ya dace da samunsu.