Ko Kun Sani?

Ko kun san cewa sitiroberi ba ya ƙara zaƙi bayan an tsinke shi? Ayaba da mangwaro suna nuna a ɗaki, amma shi yadda aka cire shi haka zai tsaya. Shi ya sa ake jira sai ya yi ja zur, a tsinke shi da sassafe tare da koren hularsa da ɗan guntun kara.

Sanyin Jos, mai tudun kusan mita 1,200, shi ya ba wa wannan ɗan itace gurbi a Filato, musamman ƙauyen Chaha da ke Jos ta Kudu, inda ake girbi a lokacin hunturu.

Manoman lambu na bakin kogin Dilimi da ke Jos za su iya gwada nomansa ba tare da ƙasa ba: a dasa shi cikin bututu ko ɓawon kwakwa, ana ba shi ruwa mai narkakken taki. 'Ya'yan na rataye a sama, laka ba ta taɓa su, ruɓa kuma ta ragu.

Wajen ajiya, kada a wanke shi sai za a ci. A firji mai sanyin digiri 0 zuwa 2, yakan kai kusan mako guda.