Gida a kan taya: shin zama a cikin mota yana raba mutum da biyan haya?

Duk mai riƙe da waya a cikinmu ya taɓa cin karo da irin bidiyon nan a Facebook ko TikTok: Bature ya buɗe ƙofar wata doguwar mota, a ciki ga gado, ga kicin, ga banɗaki, ga firij, yana cewa ya sallami mai gidan haya, yanzu duk inda ya ga dama nan ne gidansa. Ga wanda ke zaune a Agege ko Idi-Araba ko Sabo ta Ibadan, wanda duk shekara sai ya haɗa kuɗin haya a dunƙule, ga kuɗin ejan, ga na takardar yarjejeniya, dole abin ya ba shi sha'awa. Har na ji wasu samari suna lissafin sayen tsohuwar bas su gyara ta su tare a ciki. To amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Shi ya sa na ga ya dace mu zauna mu duba yadda wannan rayuwa take a ƙasar da ta fi yawa, wato Amurka, da abin da take ci.

Wace irin mota ce?

Motar tafi-da-gidanka iri uku ce a wurinsu. Akwai babba mai girman bas ɗin lagzari, wadda tsawonta kan wuce mita 10. Akwai matsakaiciya, kanta irin na ƙaramar motar kaya, da wurin kwana a saman kan direba. Sai ƙarama, wadda ba ta wuce girman bas ɗin haya ta cikin gari ba. Mafi yawansu a yankin Elkhart da ke jihar Indiana ake ƙera su, kuma a shekarar 2021 kaɗai, lokacin da korona ta sa mutane gudun otal da jirgi, kamfanoni sun fitar da kusan 600,000, idan aka haɗa da irin waɗanda ake ja da wata mota. Sabuwa babba tana wuce dala 100,000 cikin sauƙi. Mai ƙaramin ƙarfi kuwa tsohuwar motar kaya yake saya, ya cire kujeru, ya buga katako ya shimfiɗa katifa.

Galibin masu irin wannan mota suna da gidajensu, hutu kawai suke fita da ita. Waɗanda muke magana a kansu su ne waɗanda ba su da wani gida sai ita.

Su wa ke zama a ciki?

Kashi biyu ne, kuma bai kamata a haɗa su ba. Na farko waɗanda suka zaɓa: tsofaffin ma'aikata masu fansho mai kauri, da matasa masu aiki ta intanet. Su ne muke gani a bidiyo. Na biyu waɗanda dole ta sa: haya ta fi ƙarfinsu, ko aiki ya ƙare, ko banki ya ƙwace gida a rikicin tattalin arziki na 2008.

Wata 'yar jarida, Jessica Bruder, ta bi wannan kashi na biyu ta rubuta littafi a kansu mai suna Nomadland a 2017. Aka mayar da shi fim, ya ci kyautar Oscar ta fim mafi kyau a 2021. Fim ɗin ya fara ne daga garin Empire a jihar Nevada, gari na gaske, wanda ya watse a 2011 bayan kamfanin da ya riƙe garin ya rufe masana'antarsa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fito a ciki, Bob Wells, ba ɗan fim ba ne. Ya fara kwana a mota tun 1995 a Alaska bayan aurensa ya mutu kuɗi suka yi masa ƙaranci, daga baya ya zama mai koya wa wasu yadda ake yi.

Irin waɗannan mutane aikin ƙwadago suke bi daga jiha zuwa jiha. Kamfanin Amazon ya taɓa buɗe shiri na musamman na ɗaukarsu aiki a rumbunan kayansa gab da Kirsimeti. A watan Oktoba wasu kan tafi jihohin Dakota ta Arewa da Minnesota girbin wata saiwa da ake yin sukari da ita, aikin awa 12 a rana cikin sanyi. Da yawansu sun haura shekara 60.

Ruwa, wuta da bayan gida

A nan ne aikin yake. Gidan haya komai lalacewarsa akwai rijiya ko mai ruwa a kusa, akwai masai, akwai kwata. A mota kuwa kai ne hukumar ruwa, kai ne mai kwashe masai. Tanki uku take da su: na ruwa mai kyau, na ruwan wanka da wanke-wanke, da na bayan gida. Tankin lita 150 jarka shida ce kacal, irin jarkar da mai ruwa ke turawa a kura. A ciki za a sha, a dafa, a yi wanka. Mutum biyu in ba su yi tattali ba, kwana uku ko huɗu ya ƙare.

Tankin bayan gida kuma idan ya cika, sai ka tuƙa gidan gaba ɗaya zuwa wurin da aka tanada don zubarwa, ka jona tiyo da hannunka ka juye, sau da yawa har da biyan kuɗi. Wanda aka kama ya zubar a gefen hanya tara ce a kansa.

Wuta daga faifan sola ne da ke kan rufi, da batir, da inbata, kamar yadda muke yi a shaguna. Wannan ya ishi fitila, fanka, cajin waya da ƙaramin firij. Amma da ka kunna na'urar sanyaya ɗaki, batir ya fara kuka, sai dai janareto ko a jona da wutar wurin fakin. Girki da tukunyar gas ne. Kuma mu da muka sha jin labarin iyalan da hayaƙin janareto ya kashe suna barci, mun san haɗarin wuta a ɗaki ƙarami rufaffe. Saboda haka ne ake sa wa motocin wata na'ura da ke yin ƙara idan iskar guba ta taru.

Ina za ka kwana?

Bidiyo ba ya nuna wannan tambaya, alhali kullum yamma sai an amsa ta. Akwai filaye na kuɗi da ake faka irin waɗannan motoci, masu ruwa da wuta. Dala 40 a dare ba abin mamaki ba ne a can, wato dala 1,200 a wata. Kun ga haya ta dawo ta bayan gida. Wasu filayen ma ba sa karɓar motar da ta wuce shekara 10, kuma ita ce irin motar talaka.

Abin da ya ceci masu ƙaramin ƙarfi shi ne dajin gwamnatin tarayya. Hukumar kula da filaye ta Amurka tana riƙe da ƙasa mai faɗin eka miliyan 245, wadda ta ɗan fi Najeriya girma, galibinta a yammacin ƙasar. A yawancin wuraren an yarda ka zauna kyauta na kwana 14, daga nan dole ka tashi ka matsa. Ba ruwa, ba wuta, ba shago. A hamadar Arizona akwai wani ƙaramin gari, Quartzsite, mazaunansa ba su kai 3,000 ba, amma da hunturu dubban motoci ke cika dajin da ke kewaye da shi. Da zafi ya kawo kai, ma'auni ya haura 40, sai su watse su nufi arewa ko kan duwatsu. Yanayi ne ke kora su, kamar yadda rani da damina ke juya makiyayi.

Cikin gari kuwa doka ba ta sassauta musu ba. Garuruwa da yawa sun hana kwana a mota a bakin titi. Wasu rassan kantin Walmart kan bar mutum ya kwana dare ɗaya a filin fakin, wasu ba sa bari. A watan Yunin 2024 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar garin Grants Pass, ta ba garuruwa damar hukunta masu kwana a wuraren jama'a. Don haka wanda ke kwana a mota a birni yakan rufe tagoginsa, ya kashe fitila da wuri, yana sauraron ƙwanƙwasar ɗan sanda.

Ba ka da gida, amma dole ka sami adireshi

Lasisin tuƙi, inshorar mota, asusun banki, katin zaɓe, duk sai da adireshi. Mafitar da suka samo ita ce su yi rajista a matsayin 'yan jihar Dakota ta Kudu, ko Texas, ko Florida, jihohin da ba sa karɓar harajin albashi, sannan su biya wani kamfani ya ba su adireshi, ya riƙa karɓar musu wasiƙu yana tura musu. Wannan ma kuɗi ne duk shekara.

Sai mai. Babbar motar ba ta wuce kilomita 3 zuwa 4 a lita ɗaya. A lissafinmu, tafiya kamar daga Legas zuwa Kano, kimanin kilomita 1,000, za ta sha kusan lita 300. Kowa ya ninka da farashin lita na yau, tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ya ga abin da zai fito. Shi ya sa yawancin masu zama a mota ba yawo suke yi kullum ba, fakawa suke su daɗe.

Abu na ƙarshe a lissafi: fili yana ƙara daraja, mota tana raguwa. Ranar da giya ta lalace aka kai ta gareji, gidanka ne a hannun bakanike, da gadonka da tukunyarka.

Mu ma muna da masu rayuwa a hanya

Ni ɗan mai fataucin shanu ne, na tashi ina ganin mutanen da rabin rayuwarsu a kan titi take. Tirelar da ta ɗauko shanu daga Potiskum ko Maigatari zuwa Oko-Oba a Agege, ko Akinyele a Ibadan, ko Lokpanta a Abiya, kwanaki take yi a hanya. Direba ya kwana a kan mota, yaran mota su shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta, masu rakiya kuma a sama suke tare da dabbobi, suna tayar da duk wadda ta kwanta kada sauran su tattake ta.

Abin lura shi ne, ba tanki uku ko faifan sola ke riƙe da su ba. Mutane ne. A Mokwa, a Jebba, a Ogere, duk inda manyan motoci ke tsayawa akwai mai shayi, mai abinci, gidan wanka, masallaci, mai faci, bakanike, da wanda zai sa ido a kan mota in ka runtsa. Abin da Ba'amurke ke saya da dala a filin fakin, direbanmu a zango yake samunsa. Kuma duk da haka ban taɓa jin direban da ya ce tirela ce gidansa ba. Yana da ɗaki a Kano ko Gusau ko Azare inda iyalinsa suke, can yake nufa in an sauke kaya.

Zai yiwu a nan Kudu?

Gyara bas ba wuya, masu walda da kafintocinmu za su iya cikin mako biyu. Matsalar ita ce abin da ke wajen motar. Ba mu da filayen da aka tanada masu ruwa da wurin zubar da masai. Ba mu da dajin da mutum zai faka shi kaɗai ya kwana 14 hankali kwance. Kowa ya san halin da hanyoyinmu suke ciki da dare. A cikin Legas kuwa, motar da ta kwana uku a wuri ɗaya, ko jami'ai su ja ta, ko 'yan unguwa su zo karɓar nasu, ko maƙwabta su fara tambayar wane ne wannan baƙon da ke kwana a mota. Mu da ake yi wa kallon baƙi tun asali, wannan tambaya ba ƙarama ba ce. Adireshin da aka san ka da shi, da mai unguwa ko sarkin Hausawan da zai ce ya san ka, kariya ce babba.

Ga kuma iyali. Gwauro zai iya maneji. Amma mai mata da 'ya'ya, ina makarantar yara, ina sirrin gida, ina za a sauke ɗan uwan da ya zo daga Arewa da jakarsa? A wurinmu gida ba na mutum ɗaya ba ne.

Abin da za mu iya ɗauka daga wurinsu shi ne dabarar tattali: yadda faifan sola biyu da batir ɗaya ke riƙe fitila da fanka da firij, da yadda ake tsara ƙaramin wuri ya ɗauki kaya da yawa. Wannan zai amfani mai ɗaki ɗaya da mai shagon kwantena. Amma wanda ke tunanin zuba jarinsa a tsohuwar bas don ya huta da mai gida, ya fara amsa wa kansa: ina zan faka yau da gobe, ina zan ɗebi ruwa, ina zan zubar da masai, wa zai tsaya mini in an kama ni, ina zan kwana ranar da mota ta lalace? In ya haɗa kuɗin waɗannan biyar ya ga sun gaza hayar ɗakinsa, to sai a fara maganar bas. Allah ya hore wa kowa muhallinsa.