Shaidar da Ƙura Ta Bayar Game da Duniyoyin Waɗansu Taurari

Masana ilmin taurari sun daɗe suna zaton akwai duniyoyi masu kewaya waɗansu taurari, kamar yadda wannan duniya take kewaya Rana. Abin da ya hana tabbatar da zaton shi ne hasken tauraro yakan dushe duk abin da ke kusa da shi.

Cikin 1983 tauraron ɗan adam mai suna IRAS ya gano cewa tauraron Vega yana fitar da hasken zafi, watau irin wanda ido ba ya gani, fiye da kima. Aka fahimci cewa ƙura ce ke kewaye da shi, tana shan haskensa tana ɗumama. Cikin 1984 kuma Bradford Smith da Richard Terrile suka tare hasken wani tauraro, Beta Pictoris, da wata na'ura a ƙasar Chile, suka ɗauki hoton ƙurarsa. Sai ga ta shimfiɗe kamar faifai, ana hangen ta daga gefe.

Beta Pictoris yana nesa da tafiyar haske ta shekara 63, shekarunsa kuwa miliyan 20 ne da 'yan kai, alhali Rana ta kai miliyan 4,600. Ƙura ba ta daɗewa a irin wannan wuri, domin hasken tauraron yana tunkuɗa ƙananan ƙwayoyinta waje. Tun da har tana nan, lalle ana sabunta ta ne: duwatsu da curin ƙanƙara, ragowar kayan ginin duniyoyi, suna ta karo da juna suna farfashewa.

Bayan haka aka lura cewa tsakiyar faifan ta ɗan karkace. Da yake ruwa ba ya tsami banza, cikin 1997 masana suka lissafa cewa wata babbar duniya ce ke jan ƙurar. Cikin 2008 Anne-Marie Lagrange ta ƙasar Faransa da abokan aikinta suka sanar da ganin wani ɗigon haske a hotunan 2003. Hotunan 2009 suka nuna ɗigon ya koma ɗaya gefen tauraron, aka tabbata duniya ce, nauyinta wajen ninki 10 na Mushtari.

Sai dai ƙura takan ruɗi mai bincike. Cikin 2008 ɗin nan aka sanar da wata duniya a gefen faifan tauraron Fomalhaut. Ɗigon ya yi ta faɗaɗa yana dushewa, har cikin 2020 aka bayyana cewa gajimaren ƙura ne da wani karo ya haifar. Saboda haka ƙura tana iya nuna inda ya kamata a duba, amma hukunci yakan jira shekaru ana bin ɗigon, a ga ko zai ci gaba da kewaya tauraronsa ko zai watse.