Injin Ban-ruwa da Ƙwayar Neman Haihuwa

Duk wanda ya taɓa zuwa Geriyo da rani ya san ƙarar injin ban-ruwa. Kawuna yana da gonar shinkafa a can, kuma tun ina yarinya na lura ba ya jan igiyar inji sai ya bi hanyar ruwa da fartanya, yana cire ciyawa da laka, ya duba tiyo ko ya tsage. Na taɓa tambayarsa dalilin wannan ɓata lokaci. Ya ce, "'Yar nan, inji aikinsa ɗaya ne, ya ɗago ruwa. Bai san hanyar fangali ba."

Maganar ta dawo mini kwanan baya a wani gidan suna a Jimeta. Addata ta ja ni ɗaki, ta ciro wani ɗan kwali daga jaka, an rubuta Clomid a jikinsa. Shekara huɗu da aure ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba, dangin miji kuwa sun fara habaici. Wata ƙawarta ce ta yi mata hanya, ta saya a kemis ba takardar likita. Wannan ne wata na bakwai tana sha.

Na ce, "Adda, an duba ki?"

Ta ce, "Duba me? Ai maganin haihuwa ne."

To, a nan gizo ke saƙa. Kulomifin, wanda aka fi sani da Clomid, magani ne na gaske, tun 1967 aka amince da shi a Amurka. Amma shi ma aikinsa ɗaya ne kamar injin Kawu: ya sa gidan ƙwai ya nunar da ƙwai ya sake shi. Wayo yake yi wa ƙwaƙwalwa. Yana rufe mata ido kada ta ga sinadarin estirojin da ke jiki, sai ta zaci ya yi ƙasa, ta ƙara turo sinadaran da ke tayar da gidan ƙwai. Likita yakan fara da miligiram 50 kullum har kwana 5, a farkon kwanakin al'ada, ƙwai ya fito kwana 5 zuwa 10 bayan ƙwayar ƙarshe. Ga macen da al'adarta ke tsallake watanni, musamman mai matsalar da ake kira PCOS, abin yakan yi amfani: cikin 10, kimanin 7 zuwa 8 sukan saki ƙwai, ko da yake masu samun ciki ba su kai rabi ba.

Sai dai Adda jininta bai taɓa saɓa wata ba. Mai yiwuwa ruwan yana tasowa tun can, hanya ce a toshe. A ƙasarmu toshewar bututun mahaifa, sakamakon ciwon sanyi da ba a magance da kyau ba ko cutar da ta biyo bayan ɓari ko haihuwa, tana cikin manyan dalilan rashin samun ciki. Ko kwali ɗari aka sha bututu ba zai buɗe ba. Akwai kuma batun iri, wanda ba a son a taɓo a gidajenmu. Manomi ba ya zagin ƙasa kafin ya duba abin da ya shuka, amma mu mace muke ɗora wa laifi, har a yi mata kishiya, alhali a wajen ma'aurata da yawa matsalar tana ga maniyyin miji. Gwajin nan bai fi ƙarfin aljihu ba, girman kai ne ke sa ya yi tsada.

Ruwa kuma idan ya yi yawa saiwa yake ruɓarwa. Adda ta ce jikinta yakan ɗau zafi farat ɗaya, gumi ya jiƙa ta, ta ɗauka zafin Yola ne na watan Afrilu, sai ta ga har cikin hunturu haka take. Maganin ne. Haka kumburin ciki, ciwon kai, ciwon nono da saurin fushi. Waɗannan sukan wuce. Wanda ba a wasa da shi shi ne ido: idan mace ta fara ganin dishi-dishi ko walƙiya, ta ajiye ƙwayar nan take ta ga likita. Haka idan ciki ya kumbura sosai da ciwo, da amai, numfashi yana yin sama. Alama ce gidan ƙwai ya kumbura fiye da kima, abin da bai cika faruwa ba amma yana kai wa ga gadon asibiti. Mai ciwon hanta, da mai ciki, da mai zubar jinin da ba a gano dalilinsa ba, bai dace su sha ba. Wani abin mamaki, ga wasu matan maganin yakan sirantar da shimfiɗar mahaifa, wurin da cikin zai zauna. Likitoci kuma ba sa son a wuce zagaye 6, wato wata 6 ana shan sa.

Masu shan sa don neman tagwaye su suka fi ba ni tsoro. Gaskiya ne yana ƙara yiwuwar 'yan biyu, kimanin 5 zuwa 10 cikin ciki 100. Amma ranar suna kawai muke hangowa, da raguna biyu. Ba ma lissafa hawan jini, da haihuwar bakwaini, da kwanakin da jariri zai yi a kwalba.

Akwai ma wani maganin, letirozol, asalinsa na sankarar mama, wanda wani babban bincike a Amurka a 2014 ya nuna ya fi Clomid kai masu PCOS ga haihuwa. Zaɓi tsakanin su biyun aikin likitan mata ne, bayan ya yi sikanin, ya duba bututu, ya ga gwajin miji. Ana samun irin waɗannan likitoci a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola da Asibitin Ƙwararru na Jimeta.

Adda ta yarda ta ajiye kwalin ta yanki kati. Maigidanta ne ya ce shi lafiyarsa ƙalau. Sai da Kawu ya kira shi gona ran Juma'a, suka daɗe a bakin tafki, ban san me suka tattauna ba. Ran Litinin dai na gan su tare a Keke Napep, ita riƙe da kati, shi yana kallon titi.