Me Ya Sa Raunin Zuciya Ba Ya Warkewa? Fafutukar Masana Wajen Sabunta Tsokar Da Ta Mutu

Daga tsakiyar shekarun 1950 zuwa 1963, manyan ƙasashen duniya sun yi ta gwajin bama-baman nukiliya a sararin sama. Gwaje-gwajen sun ƙara yawan wani sinadari da ake kira kabon-14 a cikin iska har ya kusan ninkawa. Tsirrai suka shaƙe shi, dabbobi da mutane suka ci tsirran, sinadarin ya shiga jikin duk wani mai rai. Bayan yarjejeniyar 1963 da ta hana irin wannan gwaji, adadinsa ya riƙa raguwa shekara bayan shekara. Da yake kowace ƙwayar jiki tana ɗaukar gwargwadon kabon-14 na shekarar da ta samu, ta ajiye shi cikin sinadarin gadonta na DNA, sai ya zama kowace ƙwaya na ɗauke da hatimin shekarar haihuwarta.

Wannan hatimi ne Jonas Frisén da Olaf Bergmann na Cibiyar Karolinska da ke Suwidin suka karanta a zukatan mamata, suka fitar da sakamako a mujallar Science a 2009. A zukatan mutanen da aka haifa tun kafin a fara gwajin, sun tarar da ƙwayoyin tsoka masu ɗauke da hatimin shekarun baya-bayan nan. Ke nan zuciyar baligi tana yin sababbin ƙwayoyi, saɓanin abin da aka daɗe ana koyarwa a makarantun likitanci. Sai dai aikin na tafiyar hawainiya ne: kimanin kashi 1 cikin 100 a shekara ga mai shekara 25, ya sauka ƙasa da rabin haka ga mai shekara 75. Ko tsohon da ya yi tsawon rai, fiye da rabin ƙwayoyin tsokar zuciyarsa waɗanda ya zo da su duniya ne.

Abin da ke faruwa bayan rauni

Idan jijiyar da ke kai wa zuciya jini ta toshe, abin da aka fi sani da bugun zuciya, ƙwayoyin tsoka da za su iya kai biliyan ɗaya kan mutu cikin 'yan sa'o'i. Sabuntawar kashi 1 cikin 100 a shekara ba za ta cike wannan gurbi ba. Jiki sai ya yi gaggawar like wurin da tabo, domin kada bangon zuciyar ya fashe. Tabon yana ceton rai, amma ba ya matsewa balle ya tura jini.

Daga nan zuciyar ke fara sauya fasali. Wurin da tabon yake ya yi siriri ya miƙe. Ƙwayoyin da suka tsira, tun da ba za su iya hayayyafa ba, sai kowacce ta ƙara tsawo da kauri domin ɗaukar aikin waɗanda suka mutu. Ɗakin hagu na ƙasa, wanda ke harba jini zuwa sassan jiki, ya buɗe ya zama kamar ƙwarya. Ganin jini ya ragu, ƙoda ta fara riƙe gishiri da ruwa, jijiyoyi su tsuke, sinadaran jiki su riƙa zaburar da zuciya ta ƙara sauri. A kwanakin farko wannan dabara tana taimakawa. Idan ta ɗore watanni da shekaru, lamarin ya zama na jakin da aka ƙara wa kaya kuma ake ƙara masa bulala. Ƙarshensa gazawar zuciya: haki bayan 'yar tafiya, kumburin ƙafafu, da kasa kwanciya sai an tara matasan kai.

A Afirka kudu da Sahara, hanyar da ta fi kai mutane ga wannan hali ita ce hawan jini. Wani bincike da aka wallafa a 2012, wanda ya bi marasa lafiya kimanin 1,000 a ƙasashe tara ciki har da Nijeriya, ya nuna hawan jini ne sanadin kusan rabin gazawar zuciyar da aka kwantar da su dominta, kuma matsakaicin shekarunsu 52 ne kawai. Zuciyar da ta shekara tana tura jini cikin jijiyoyi masu tsauri takan yi kauri, zaren tabo ya ratsa tsokarta, ta kasa sakin jiki ta cika da jini, daga bisani ta buɗe ta yi rauni.

Akwai kuma gazawar zuciya da ke kama mata a ƙarshen goyon ciki ko a watannin farko na jego, wadda arewacin Nijeriya ke cikin wuraren da ta fi yawa a duniya. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka ba da rahoton cewa tana samun kusan mace 1 cikin 100 da suka haihu, suka kuma zargi wankan jego da kunun kanwa. Binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ya jagoranta a asibitocin ƙasar nan, wanda aka wallafa a 2020, bai samu hujjar da ta ɗora laifin kan waɗannan al'adu ba. Abubuwan da suka fito fili su ne rama, rashin aikin yi, rashin ilimin boko, da hawan jinin masu juna biyu.

Darasi daga kifi da jaririn ɓera

Ba kowace halitta ce ke da wannan gazawa ba. A 2002 Kenneth Poss da Mark Keating, a birnin Boston na Amurka, sun yanke kusan kashi 20 cikin 100 na zuciyar wani ɗan kifi mai zane-zane da ake kira kifin zebra. Cikin wata biyu tsokar ta tsiro ta koma yadda take. An gano daga baya cewa tsofaffin ƙwayoyin tsokar ne da kansu ke kwance zaren da suke matsewa da shi, su rabu gida biyu, sannan su sake ɗaura shi.

A 2011 Enzo Porrello da Hesham Sadek da Eric Olson, a Dallas ta jihar Texas, suka nuna cewa ɓeran da ya kwana ɗaya a duniya ma yana iya haka. An yanke masa ƙarshen zuciya, cikin mako uku ta cike. Da aka yi wa ɓera mai kwana bakwai irin wannan yanka, tabo kawai ya fito. Wato baiwar tana nan a jikin dabbobi masu shayarwa, ana rufe ta ne jim kaɗan bayan haihuwa. Ƙwayar da ke aiki a cikin zuciya mai bugawa kusan sau 100,000 a yini ba ta da sararin ajiye aiki ta kwance kayanta domin rabuwa. Masana na ganin yawan iskar oksijin da jariri ke fara shaƙa bayan haihuwa na cikin abubuwan da ke rufe ƙofar.

Ramin da aka faɗa

Gaggawar neman mafita ta jawo wa fannin babban abin kunya. Daga 2001, ɗakin binciken Piero Anversa ya riƙa wallafa cewa ƙwayoyin tushe na ɓargo, da wasu da ya ce suna ɓoye cikin zuciyar kanta, suna rikiɗa su zama sabuwar tsoka. Tun a 2004 wasu masana suka maimaita gwajin ɓargon ba su ga haka ba, amma kuɗi suka ci gaba da kwarara, aka yi ta gwaji a kan marasa lafiya. A 2017 kamfanin da ke kula da asibitin Brigham and Women's, inda Anversa ya yi aiki, ya biya gwamnatin Amurka dala miliyan 10 kan zargin samun tallafi da bayanan jabu. A 2018 asibitin da Jami'ar Harvard suka nemi a janye maƙalu 31 na ɗakin binciken. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma kafin a kai ƙarshen wannan an yi asarar kusan shekara 17.

Hanyoyi biyu da ake bi yanzu

Hanya ta farko ita ce a ƙera tsokar a waje a dasa. Shinya Yamanaka na Japan ya nuna a 2006 cewa za a iya mayar da ƙwayar fata ta koma ƙwayar tushe mai iya zama kowane irin nama, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 2012. Daga irin waɗannan ƙwayoyi ake samar da tsokar zuciya mai bugawa a cikin kwanon gwaji. A 2014 Charles Murry na Jami'ar Washington ya dasa ƙwayoyin tsoka da aka samar daga ƙwayoyin tushe na ɗan adam a zukatan birai. Sun kama, sun yi aiki, amma bugun zuciyar biran ya rikice. A 2020 likita Yoshiki Sawa na Jami'ar Osaka ya fara manna siraran faifan irin wannan tsoka a zuciyar mutum, kuma a Jamus tawagar Wolfram-Hubertus Zimmermann ta Göttingen na gwada nata facin a kan masu matsananciyar gazawar zuciya. Duk waɗannan gwaji ne kan mutane ƙalilan, kuma wanda aka dasa wa ƙwayoyin wani sai ya sha maganin danne garkuwar jiki.

Hanya ta biyu ita ce a farkar da baiwar da ta yi barci. A 2019 tawagar Mauro Giacca ta sanya wa aladun da suka samu bugun zuciya wani ɗan sinadarin gado mai sa ƙwayoyin tsoka su rabu. Cikin wata guda tabon ya ragu, zuciyar ta ƙara ƙarfi. Amma da ba a iya tsayar da aikin sinadarin ba, akasarin aladun suka mutu farat ɗaya saboda rikicewar bugu. Matsalar da ta rage a nan ita ce yadda za a kunna rabuwar ƙwayoyin sannan a kashe ta a kan lokaci.

Abin da ke hannu

Ko da yake ba a kai ga mayar da tsokar da ta mutu ba, an daɗe da sanin yadda za a rage lalacewar wadda ta rage. Janice Pfeffer da Marc Pfeffer sun nuna a kan ɓeraye cewa maganin captopril yana hana zuciya buɗewa bayan rauni, kuma gwajin da aka wallafa a 1992 kan mutum fiye da 2,000 ya tabbatar da cewa ya rage mace-mace da kashi 19 cikin 100. Daga baya aka ƙara magunguna irin su carvedilol da bisoprolol masu sassauta gudun zuciya, da spironolactone, da dapagliflozin wanda aka fara yi domin ciwon sukari. Idan aka haɗa su aka dage da sha, zuciyar da ta buɗe kan iya komawa kusa da girmanta, ƙarfinta ya ƙaru. Wasu daga cikinsu, ciki har da captopril, suna cutar da ɗan tayi, don haka likita ne kaɗai zai tsara wa mai juna biyu abin da za ta sha.

Duk wanda ya yi tallar allurar ƙwayoyin tushe da sunan tana sabunta zuciya, yana sayar da abin da bincike bai tabbatar ba tukuna. Abin da aka tabbatar ya fi haka araha: awon jini a kai a kai, rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano a miya, da ci gaba da shan maganin hawan jini ko da mutum yana jin garau. Mai jego kuwa da ta fara haki, ko ƙafafunta suka kumbura, ko tari ya hana ta barci, kada a ce gajiyar haihuwa ce a jira a yi arba'in. A kai ta asibiti a ɗauki hoton zuciyarta, domin wadda aka fara wa magani da wuri ta fi samun damar zuciyarta ta farfaɗo, kuma sai ta ji daga bakin likita kafin ta sake ɗaukar ciki.