Auna Ingancin Takardar Bayani ta Manhajar Alƙaluman Ƙwallon Ƙafa

A watan Nuwamba na 2024 kamfanin Anthropic ya fitar da wani tsari mai suna MCP, wanda ke sada ƙirƙirarriyar basira da manhajojin da ke wajenta. Basirar da ke aiki ta wannan hanya ita ake kira wakili, domin ita ke zaɓar manhaja, ta aika mata da tambaya, ta karɓo amsa a madadin mutum. A wannan tsari kowace manhaja tana gabatar da kanta da suna, da taƙaitaccen bayanin aikinta, da fasalin abin da za a shigar mata. Iyakar abin da wakili ya sani game da ita ke nan. Saboda haka takardar bayanin ta zama wani nau'in rubutu da ya cancanci kulawar manazarcin harshe, domin mai karanta ta ba ya da abokin aiki a gefe da zai tambaya. In ya iske giɓi, sai ya cike shi da zato, ya kuma kawo amsar cikin natsuwa kamar gaskiya ce.

Ma'auni na farko shi ne kuɓutar kalma daga harshen damo. A ɗauki kalmar "kaka". Kakar wasa a Ingila tana farawa a Agusta, ta ƙare a Mayu na shekara mai biyowa. In manhaja ta ce a shigar da lamba huɗu, to 2023 shekarar farawa ce ko ta gamawa? Gasar cin kofin nahiyar Afirka ta ƙara dagula lamarin: wadda ake kira ta 2023 a Janairu da Fabrairu na 2024 aka yi ta a Kodibuwa, inda masu masauƙi suka ci Nijeriya 2 da 1 a wasan ƙarshe. Wakilin da aka tambaya sakamakon wannan wasa yana iya neman sa a ƙarƙashin 2024, ya dawo hannu rabbana, ya ce ba a yi wasan ba. Jimla ɗaya da misali ɗaya sun isa su toshe wannan kafa, amma takardar da ta tsaya ga "shekarar kaka" ta faɗi jarrabawa tun a nan.

Haka kalmar "sakamako". Wasan ƙarshe na kofin duniya na 2022 tsakanin Ajantina da Faransa ya tashi 3 da 3 bayan ƙarin lokaci, sannan Ajantina ta yi galaba 4 da 2 a bugun fenariti. Wajibi ne takarda ta faɗi ko gurbin sakamako yana ɗauke da 3 da 3 ne, ko kuwa an haɗe duka ya zama 7 da 5, abin da ba wani mai kallo da zai yarda da shi. Ga mai tambaya da Hausa ma akwai ƙarin tarko, domin "ci" yana nufin jefa ƙwallo a raga, yana kuma nufin yin nasara. Wakili ba zai warware wannan ba sai guraben manhajar kansu sun rarrabe tsakanin biyun.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne awon fili. StatsBomb yana ɗaukar tsawon fili 120, faɗinsa 80, Opta kuwa 100 da 100. Bugun da aka yi daga lamba 90 a awon Opta daga cikin da'irar yadi 18 ya fito. A awon StatsBomb kuwa daga nesa ne ƙwarai, domin da'irar ba ta farawa sai a 102. Lambar ɗaya ce, ma'anar ta sha bamban, kuma ba abin da zai yi wa wakili kashedi in takarda ta yi shiru.

Sai kuma iyakar abin da manhaja ta ƙunsa. An zaftare wa Everton maki 8 a kakar 2023/24 saboda saɓa dokokin kuɗi. Wakilin da ya lissafa teburi daga sakamakon wasanni kaɗai zai ɗora ta a matsayin da ba nata ba, sai fa in an sanar da shi inda ake ajiye irin wannan hukunci. Ya kamata kuma a bambanta amsar da ke nufin "babu wasa" da wadda ke nufin "ba a tattara wannan gasa ba".

Karanta takarda kaɗai ba ya isa a yanke mata hukunci, domin mai nazari yakan cike giɓinta da saninsa na ƙwallo ba tare da ya ankara ba. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a tanadi tambayoyin da aka riga aka san amsarsu, irin waɗanda suka gabata, a ba wakili su da takardar kaɗai, a duba manhajar da ya zaɓa da abin da ya shigar mata. Sannan a gyara jimla ɗaya, a maimaita tambayoyin, a ga ko kuskuren ya gushe.