HAƘORI ƊAYA TAK NA KWANTAR DA MOTAR HAYA A KEFFI

Duk wanda ya san Keffi ya san gari ne na mota. Tun da aka mayar da hedkwatar ƙasa Abuja a 1991, sa'an nan aka yanke Jihar Nasarawa daga Filato a 1996, hanyar da ta tashi daga Keffi ta bi ta Masaka da Mararaba zuwa Nyanya ba ta samun hutu, dare da rana. Da yawa daga cikin motocin hayar da ke bin ta, su Golf da Sharan da Corolla, masu su ba sa garin. Suna can Agege ko Idi-Araba, ko Sabo ta Badun, ko Fatakwal. Sun tara ɗan abin da Allah ya hore musu sun sayi mota, sun damƙa wa ƙane domin ya riƙa nema ana cefanen gida.

To, ga yadda abin ya kan faru. Mota ta fara ƙwanƙwasa a saman inji, bakanike ya buɗe ya ce kamshaf ya cinye. Sai a buga wa Yaya waya, shi kuma ya shiga kasuwar Ladipo da ke Mushin ya sayi ɗan Beljiyam, ya ba direban tasha ya kawo. Ƙane kuwa, da yake ya taɓa zaman gareji na 'yan watanni, sai ya ce ba sai an biya kuɗin aiki ba, a ƙofar gida zai ɗaura. Ya gama, ya murɗa makulli, mota ta ce ba ta san zancen ba. Ko kuwa ta tashi tana karkarwa tana harbi ta salansa. Nan take sai laifi ya koma kan mai shagon Ladipo, wai ya sayar da jabu, wani lokaci ma a ce hannu aka sa wa motar. Alhali kuwa sau da yawa kayan lafiyarsa ƙalau, taimin ne ya goce.

Abin da ake kira taimin ba wani asiri ba ne. A cikin inji akwai sanduna biyu masu juyawa: karanshaf a ƙasa, wanda fistin ke turawa, da kamshaf, wanda ke buɗe bawul na shigar mai da na fitar hayaƙi. Bel ko sarƙa ke haɗa su, kuma sai karanshaf ya juya sau 2 kafin kamshaf ya juya sau 1. Saboda haka ne aka yi wa kowannensu alama, domin bawul ya buɗe daidai lokacin da fistin ya ba shi wuri. Idan garin kamshaf yana da haƙora 40, alal misali, kuskuren haƙori ɗaya digiri 9 ke nan a kansa, watau digiri 18 a kan karanshaf. A ido ba kome ba ne, amma a wurin inji tafiya ce mai nisa.

Motar da ta goce da haƙori ɗaya ta kan tashi, sai dai ba ta zama a silo, tana shan mai kamar rariya, ta kuma kasa hawan tudu idan an cika ta da fasinja. Wannan ita ce mai yaudara, domin direba zai yi ta canja filogi yana wanke kafireta har mako ya wuce, kuɗin balas na Yaya na zurarewa.

Akwai kuma wadda ba za ta tashi ba sam, sai harbi. Dalili shi ne fistin na ɗaya ya kan hau ƙololuwa sau biyu a kowane zagaye na aiki, sau ɗaya yana matse mai, sau ɗaya yana korar hayaƙi, alamar ƙasa kuwa duka biyun za ta nuna daidai. Wanda ya saita distiribita a kan hawan hayaƙi ya aika wuta inda babu abin ƙonewa. Tsofaffin kanikawa suna da gwaji mai sauƙi: a cire filogi na ɗaya, a toshe ramin da babban yatsa, a juya inji da sifana. Hawan da iska ta ture yatsa shi ne na gaskiya, kuma a nan ne ya kamata bakin rota ya dubi wayar filogi na ɗaya. Sauran wayoyin su bi jerin 1-3-4-2, kamar yadda yake a galibin injuna masu fistin huɗu.

Kowace mota da tarkonta. Peugeot 504, wadda kamfanin Kaduna da ya fara harhaɗa motoci a 1975 ya cika ƙasar nan da ita, yanzu ta yi ƙaranci, amma har yau a kan ga 'yar fikof ɗinta tana jigilar doya. Ita daga baya ake ƙirga fistin ɗinta, watau na ɗaya yana wajen giyabos, irin tsarin mutanen Faransa. Wanda ya ƙirgo daga gaba ya ɗauki na huɗu a matsayin na ɗaya. Golf 3 mai inji 1.8 kuwa alamominta uku ne, domin akwai wata ƙaramar sanda a tsakiya da ke juya distiribita, kuma bel ɗin nan ɗaya ne ke jan ta. Da zarar an cire bel ta kan motsa ba a lura ba, sai a tarar sama daidai, ƙasa daidai, wuta kuwa ta tafi wani wuri dabam.

Amma babbar ɓarnar ba ta cikin kuskuren kansa, tana cikin naci. Mota ta ƙi tashi, sai a yi ta buga sitata har batir ya mutu, a aro wani, daga nan a tara yaran unguwa a tura. A yawancin injunan zamani, da duk masu shan dizal, fistin da bawul wuri ɗaya suke shiga, lokaci ne kawai ke raba su. Idan taimin ya goce da haƙora da yawa, fistin zai daki bawul ya lanƙwasa shi, aikin yini ɗaya ya zama sai an sauke kan inji gaba ɗaya. Alamar haka ita ce a ji inji na juyawa sakayau da sauri, babu nauyin matsi. Abin da ke hana wannan kuwa bai fi minti biyar ba: kafin a taɓa makulli, a cire filogi duka, a juya karanshaf da hannu sau 2 cikakku ta inda ya saba juyawa, a sake duba alamomi. In aka ji ya cije, a tsaya, kada a sa ƙarfi. Sau da yawa a nan ne ake gane cewa an bar sako-sakon bel a gefen da ba na tenshina ba, da aka ɗaure sai ya janye haƙori guda.

Corolla mai inji 1ZZ sarƙa gare ta, mai zobba masu launi da ake dacewa da alamomi. Sai dai bayan an juya inji zobban ba za su komo wurinsu nan kusa ba, don haka alamun jikin giya ake dubawa. Irin wannan mota ta kan tona asirin mai gyara da kanta: wutar inji ta kama a dashbod, in an sa kwamfuta ta nuna P0016, watau sandunan biyu ba sa tafiya tare.

Wani lokaci kuma taimin na nan daidai, matsalar na wani wuri. A 504 dole a sake auna tazarar bawul bayan an sa kamshaf. Maƙallan da ke riƙe kamshaf a saman inji kowane da lambarsa, kuma kaɗan-kaɗan ake ɗaure su bi da bi, in ba haka ba sandar na iya karyewa. Tsohon tafet da ya cinye kuwa zai cinye wanda aka sa, musamman in ba a shafa masa baƙin mai ba. A nan ne kuma mai shagon Ladipo kan iya shiga cikin laifi, domin akwai kamshaf masu kama da juna ƙwarai amma na inji dabam.

Saboda haka mazaunin Kudu da aka aiko wa saƙon kamshaf, kafin ya nufi Mushin ya nemi a karanto masa lambar da ke jikin inji, a kuma turo hoton tsohon ta waya. In motar mai bel ce ya haɗo da sabon bel da tenshina. Sa'an nan ya ware kuɗin aikin bakanike dabam, ya tambayi ƙanen nasa sunan garejin da za a kai ta.